Rayuwar Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina (1923-1999)

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa kiɗa da waƙa da rawa abokan tafiya ne, tamkar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Duk inda aka ji tashin ganga, akwai mai waƙa a kusa, akwai kuma masu taka rawa. Sai dai ba kowane kiɗa ne yake da daraja ɗaya a idon jama'a ba. Tambari da algaita da kotso da taushi kayan fada ne, ba a kaɗa wa talaka su. Shi kuwa kalangu, a can da, kiɗan mahauta ne da 'yan dambe da samari da 'yan mata a dandali. A wannan babi za a kawo tarihin mutumin da ya ɗauki wannan kiɗa na rawar dandali, ya shiga da shi fadojin sarakuna da gidajen rediyo da zaurukan jami'o'i, ba tare da ya raba shi da asalinsa ba. Wannan mutum shi ne Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya yi kusan shekara 40 yana zaune a Funtuwa, cikin ƙasar Maska.

2.0 Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa a shekarar 1923. Musawa tana cikin masarautar Katsina, kuma gari ne na manoma da makiyaya. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, sunan mahaifiyarsa Lariya, Bafillatana wadda aka haifa a Tofa ta ƙasar Kano. Ya yi karatun allo kamar sauran yaran garinsu, amma bai shiga makarantar boko ba. Ya tashi yana taya mahaifinsa noma, daga baya ya taɓa ƙananan sana'o'i, wato tallar goro da sayar da alewa.

Daga wannan talla ne laƙabinsa ya samo asali. Ruwayar da ta fi shahara ta nuna cewa idan ya sayar da goro, sai ya rabar da kuɗin ga mutanen da ya gamu da su a kasuwa ko a hanya, ya koma gida hannu rabbana. Idan aka tambaye shi inda kuɗin suke, sai ya amsa da cewa ya yi shata da su, wato ya watsar da su kyauta. Ganin haka wani ɗan'uwansa mai suna Salamu ya riƙa kiran sa Shata, sunan kuma ya bi shi har kabari. Wannan hali na rashin riƙe abin hannu bai bar shi ba ko bayan da ya yi arziki.

Wani abu da ya kamata ɗalibi ya lura da shi tun farko shi ne, Shata ba ɗan gado ba ne. Masana adabin baka suna raba makaɗa gida biyu ta fuskar yadda suka sami sana'ar: akwai na gado, waɗanda suka tashi suka iske kiɗa a gidansu, akwai kuma na haye, waɗanda suka shiga da ƙafarsu. Shata makaɗin haye ne. A wancan zamani kuwa ana ɗaukar kiɗa a matsayin roƙo, roƙo kuma abin kunya ne ga ɗan gidan da ba a san su da shi ba. Saboda haka mahaifinsa bai so wannan hanya da ya ɗauka ba, ya kuma yi bakin ƙoƙarinsa ya raba shi da ita, amma abin ya faskara.

3.0 Dandali: Makarantarsa ta Farko

Ba za a fahimci waƙoƙin Shata sosai ba sai an san yadda dandali yake a ƙauyukan Katsina a shekarun 1930 da 1940. Dandali fili ne a tsakiyar gari ko a bakin kasuwa, inda samari da 'yan mata suke haɗuwa da dare, musamman lokacin farin wata da bayan an kawar da amfanin gona. 'Yan mata sukan yi gaɗa da tafi, makaɗan kalangu su saki kiɗa, samari su shiga fili su taka rawa, wanda ya fi iya baki ya riƙa ba da waƙa saura suna amsawa. Daga cikin kiɗe-kiɗen samari da suka yi tashe a wannan yanki har da asauwara, kuma a fagenta ne Shata ya fara buɗe baki. A farko ba don kuɗi yake yi ba. Sha'awa ce da gasa tsakanin tsara, har ya kai ga rinjayar sauran masu ba da waƙa a Musawa da ƙauyukan kewaye.

Dandali ya koya masa abubuwa uku da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Na farko, waƙar da za a yi rawa da ita ba ta son dogon amshi. Dole amshin ya zama gajere, mai sauƙin kamawa, yadda ko baƙo zai iya bi daga jin farko. Na biyu, kiɗa ba ya tsayawa don mai waƙa ya yi tunani, domin ƙafafun masu rawa suna jira. Saboda haka tilas mai ba da waƙa ya iya ƙirƙira nan take. Na uku, mai waƙar dandali idonsa yana kan jama'a. Idan wani ya shigo fili, ko wani abin dariya ya faru, nan da nan ya saka shi cikin waƙa. Waɗannan su ne tubalan da ya gina sana'arsa a kansu.

4.0 Daga Bakori Zuwa Kano

Da waƙa ta kankama, Shata ya bar Musawa ya koma Bakori da zama. A nan ya yi aurensa na farko, a nan kuma ya kafa ƙungiyarsa ta makaɗa da 'yan amshi. Daga Bakori yake fita yawon kiɗa zuwa kasuwannin ƙauye da bukukuwan aure da na suna, har ya fara leƙa manyan birane irin su Katsina da Kano.

Tauraronsa ya haska sosai a shekarar 1952, a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin wani gagarumin bikin auren 'ya'yan sarautar Kano da aka fi sani da Bikin 'Yan Sarki. Makaɗa daga sassa daban-daban sun halarta, amma wasan da Shata ya yi a wurin ya sa sunansa ya shiga bakin 'ya'yan sarakuna da attajirai da ma'aikatan En'e. Muhimmancin wannan biki a tarihinsa shi ne, a nan ne kalangun dandali ya tsaya a gaban masu mulki, aka saurare shi, aka yi masa kyauta irin wadda ake yi wa makaɗan fada.

Duk da haka Shata bai zama makaɗin fada ba. Makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sun tashi ne a ƙarƙashin iyayen gidansu na sarauta. Shi kuwa ya kasance cikin rukunin da masana suke kira makaɗan jama'a, wato waɗanda suke yi wa kowa waƙa, sarki da talaka, namiji da mace, ba tare da an ɗaure su a ƙofar mutum ɗaya ba.

5.0 Zaman Funtuwa

A shekarar 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, Shata ya tare a Funtuwa, wadda ba ta da nisa da Bakori. Wannan ƙaura tana da dalili. Tsohon garin Maska ya daɗe da yin suna wajen noman auduga da saƙa da rini, kuma har yau hakimin Funtuwa sarautar Sarkin Maska yake riƙe da ita. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, ta bi ta Funtuwa, sai harkar kasuwanci ta tattaru a can. Aka kafa injin gurzar auduga, manoman yankin Funtuwa da Bakori da Malumfashi suka riƙa kawo amfaninsu, garin kuma ya zama mahaɗar hanyoyin mota zuwa Zariya da Sakkwato da Katsina.

Irin wannan gari shi ne ya dace da makaɗin jama'a. Akwai dillalan auduga da na gyaɗa, akwai direbobi da 'yan kamasho, akwai ma'aikatan jirgin ƙasa da baƙi daga kowace kusurwa. Idan kaka ta yi, kuɗi ya shiga hannu, sai bukukuwa su yawaita. Waɗannan mutane su ne suka zama masu saurarensa, da yawansu kuma suka shiga cikin waƙoƙinsa. Direbobi musamman sun taimaka wajen yaɗa sunansa, domin duk inda suka sauke kaya sun sauke labarinsa. Ko da yake ya mallaki gidaje a wasu garuruwa, Funtuwa ce ta kasance mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa, kuma bai yar da noma ba duk da shaharar da ya yi.

6.0 Tsarin Ƙungiyarsa da Yadda Yake Gabatar da Wasa

Babban abin kiɗan Shata shi ne kalangu. Ana yin sa da icen da aka fafe, mai faɗin baki biyu da siririn tsakiya. Ana rufe bakunan da fata, a haɗa su da tsarkiyoyi. Makaɗi yakan rataya shi a kafaɗa, ya matse shi a hammata, ya buga da ɗan sanda mai lanƙwasa. Idan ya matse tsarkiyoyin sai sauti ya yi sama, idan ya sassauta sai ya yi ƙasa. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wannan hawa da sauka yana ba kalangu damar kwaikwayon magana, shi ya sa ake cewa kalangu yana magana.

Ƙungiyar Shata ta ƙunshi shi kansa a matsayin jagora, da makaɗan kalangu da yawa, da mai kuntuku wanda yake riƙe da ma'aunin kiɗa, da 'yan amshi, da sanƙira mai yi masa kirari da sanar da kyautar da aka bayar. Makaɗan ba murya ɗaya suke bugawa ba. Wani yana riƙe da gindin kiɗa, wani yana yi masa ado, wani yana cike gurbin da aka bari. Wannan haɗuwa ce take ba kiɗan nauyin da ke motsa mai sauraro ko bai yi niyyar rawa ba.

Ta fuskar zubi, waƙar Shata takan fara da gindin waƙa, wanda shi ne yake zama amshi. Daga nan sai ya riƙa jero ɗiyan waƙa, wani gajere wani dogo, 'yan amshi suna maimaita gindin bayan kowane ɗa. 'Yan amshinsa ba sa yi masa ƙari ko karɓa irin yadda ake yi a ƙungiyoyin makaɗan fada, inda yaran makaɗi suke ƙarasa masa jimla. Nauyin ƙirƙira duka yana kansa. An san shi da rashin zama ya tsara waƙa kafin ya fita fage, kuma idan ya sake rera tsohuwar waƙa a wani wuri, amshin ne kawai zai tsaya yadda yake, ɗiyan kuwa sai sun sauya gwargwadon waɗanda suke wurin. Saboda haka waƙa ɗaya tana iya samun siga uku ko huɗu a faifai da kaset. Ɗalibin da zai yi nazarin waƙarsa wajibi ne ya faɗi wace siga ya ɗauka, da inda aka rera ta.

A fagen wasa a tsaye yake waƙa, makaɗa suna bayansa, fili kuma a buɗe a gabansa domin masu rawa da masu liƙi. Idan aka duba da kyau za a ga cewa wannan shi ne tsarin dandali, bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne girman filin da irin mutanen da suke shigowa cikinsa.

7.0 Turakun Waƙoƙinsa

Yabo shi ne turken da ya fi yawa a waƙoƙin Shata. Ya yabi sarakuna da hakimai da attajirai da 'yan siyasa da sojoji, ya kuma yabi direbobi da mahauta da mata masu sana'a. Daga cikin sarakunan da ya fi kusanci da su akwai Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966. Bayan yabo akwai zambo da habaici, waɗanda suka sa ake shakkar bakinsa kamar yadda ake son sa. Akwai kuma koɗa kai, inda Bakandamiya ta zama fitacciya. A cikinta ne yake bayyana fifikonsa a kan sauran mawaƙa da irin garuruwan da ya taka.

Haka kuma ya yi waƙoƙin faɗakarwa da wayar da kai a kan noma da neman na kai da zaman lafiya. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojoji da kiran haɗin kan ƙasa. Bai tsaya ga abin da ke faruwa a gida kaɗai ba. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya kawo labarin kimiyyar zamani cikin harshen da manomi da ɗan tireda za su gane. Ya yi waƙoƙin addini da na tsuntsaye da dabbobi da dazuzzuka. Yawan waƙoƙinsa ya kai matsayin da shi kansa bai san adadinsu ba.

8.0 Rediyo, Faifai da Tafiye-tafiye

Shata ya yi sa'ar zuwa a daidai lokacin da kafofin zamani suke shigowa. A 1962 aka buɗe gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna, wanda muryarsa take kai wa ga Hausawan Nijar da Gana da Kamaru da Chadi. Kamfanin EMI ya buga waƙoƙinsa a faifan garmaho, daga baya kaset ya zo ya shigar da shi kowace tasha da kowane shago. Gajeren amshi da kiɗa mai kama jiki, waɗanda ya koyo a dandali, su ne suka sa waƙoƙinsa suka dace da waɗannan kafofi, domin mai sauraro yana kama su tun kafin a kai tsakiya.

Ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa suke zaune a zango-zango, ya sauke farali a Makka, ya kuma je Ingila da Faransa da Amurka.

9.0 Siyasa da Suka

Shata bai tsaya ga yi wa 'yan siyasa waƙa ba, ya shiga siyasar da kansa. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa take ƙarƙashinta a lokacin, cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, a zamanin jam'iyyu biyu na Jamhuriya ta Uku, ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, daga baya aka sauke shi sakamakon saɓanin cikin gida. Makaɗi ya shugabanci jam'iyya abu ne da ba a saba gani ba a al'ummar da take ajiye maroƙi a ƙasan tsani.

Tarihi ba ya cika sai an faɗi ɓangare biyu. Shata ya sha suka daga malamai da wasu dattawa, musamman a kan waƙoƙin da ya yi wa mashaya da matan bariki, da kuma zafin zambonsa. Masu kare shi suna ganin cewa shi madubi ne, abin da ya gani a cikin al'umma shi ya nuna, bai ɓoye na kirki ba bai kuma ɓoye na banza ba. Masu sukarsa kuwa suna ganin cewa mai murya irin tasa yana da alhakin zaɓen abin da zai ƙawata. Wannan muhawara ce da ta shafi aikin mawaƙi gaba ɗaya, kuma ya dace ɗalibi ya auna hujjojin kowane ɓangare da kansa.

10.0 Karramawa da Rasuwarsa

Tun yana raye masana suka fara nazarinsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Wanda bai taɓa zama a aji ba, wanda mahaifinsa ya ji kunyar sana'arsa, sai ga shi cikin rigar malaman jami'a saboda wannan sana'ar.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya, aka yi jinyarsa a Kano da Jidda. Allah ya yi masa rasuwa a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, yana da kimanin shekara 76. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

11.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa gudummawar Shata ba ta tsaya ga yawan waƙoƙi ko daɗin murya ba. Ya tarar da kalangu a matsayin kiɗan rawar samari da 'yan mata, ya bar shi a matsayin kiɗan da ake nazari a jami'a. Bai yi haka ta hanyar aro kayan kiɗan wasu ba, bai kuma sauya tsarin da ya gada daga dandali ba. Abin da ya yi shi ne faɗaɗa abin da wannan tsari zai iya ɗauka, daga zolayar budurwa a Musawa har zuwa labarin tafiya duniyar wata. A yau da yawancin mawaƙan Hausa suka koma ga fiyano da kwamfuta, dandalin ƙauye kuma yake ja da baya, waƙoƙinsa suna nan a rediyo da wayoyin hannu da intanet, ana kuma taka rawarsu a bukukuwa. Ga malamin Hausa na gobe akwai aiki a nan: dattawan da suka ga asauwara da idonsu suna ƙarewa, kuma abin da ba a taskace ba yana tafiya tare da masu shi.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta makaɗin gado da makaɗin haye, sannan ka bayyana matsalar da Shata ya fuskanta a gida saboda kasancewarsa na haye.

2. Kawo abubuwa uku da Shata ya koya a dandali, ka nuna yadda kowanne ya bayyana a zubin waƙoƙinsa.

3. Yi bayanin dalilan da suka sa Funtuwa ta dace da zaman makaɗin jama'a a shekarun 1960.

4. Kwatanta aikin 'yan amshin Shata da na 'yan amshin makaɗan fada.

5. Ziyarci wani dattijo ko wata dattijuwa a garinku, ka tattaro bayani a kan wata rawar dandali da aka daina yi, da kayan kiɗanta, da lokacin da ake yin ta.